Mai Rubutu a Gefen Shafi

"Baba ya ce a'a!"

Ko sallama Auta ba ta ƙarasa ba ta saki maganar, ta jefa jakarta kan teburin da ke cike da takardu da zare. Warin gam ɗin nan da take cewa ya fi mata turare daɗi, yau hawa mata kai ya yi.

Likita ya ɗago daga littafin da yake ɗinkewa. Ba likitan mutane ba ne fa, allurar da ya iya riƙewa ta ɗinki ce kawai. Littattafan da suka yage yake gyarawa, ya ɗinke su, ya yi musu sabon bango, shi ya sa masu karatu suka laƙaba masa sunan har ya bi shi.

"Zauna tukuna, Autata."

"Ba zan zauna ba! Ka ji abin da na ce kuwa? Yaya ce ta je masa da maganarmu da safe. Ya ce duk wanda na kawo zai duba, amma ban da kai. Ban da kai fa! Me ka yi masa?"

Likita ya soke allurar a jikin zare. Natsuwar nan tasa ita ta fi ƙona mata rai. Ta zo da tsammanin zai miƙe tsaye, ya dafe ƙirji, ya ce ba zai yiwu ba. Sai ga shi zaune kamar wanda ya riga ya san labarin.

"Au, ba ka ma yi mamaki ba?"

"Na yi baƙin ciki," ya ce a hankali. "Amma ban yi mamaki ba."

A bayansa akwai wata doguwar kanta, wadda ita ce silar komai. Kantar musaya suke kiranta. Masu son karatu wajen ashirin ne suke amfani da ita: ka kawo littafin da ya burge ka ka ajiye, ka ɗauki na wani. Dokokinta biyu ne. Ta farko, an yarda ka yi rubutu a gefen shafi, amma da fensir. Ta biyu, Likita ba ya faɗa wa kowa wanda ya ɗauki littafi kafin shi. Ko roƙonsa za ka yi da hawaye, murmushi kawai zai yi maka.

Auta ta zaro wani littafi daga jakarta.

"Kai da ka iya magana a takarda, yau ka zama kurma? Shekara ɗaya da rabi kana min rubutu a gefen shafi, yanzu da nake buƙatar kalma ɗaya daga bakinka..."

"Rubutu?"

"Kar ka raina min hankali, Likita!"

Ta buɗe inda wani siririn ƙyalle yake a matsayin alama, ta tura masa littafin gaban ido. Haruffan ƙanana ne, a tsare, kamar an jera su da ma'auni: *Da kina nan, da a wannan shafin za ki ce mu tsaya, mu sha shayi, don kar labarin ya ƙare da wuri.*

Likita ya karanta. Ya dube ta. Sai ta ga fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Auta... kina nufin duk tsawon lokacin nan ni kike zaton ina rubuta wannan?"

"To wa zai rubuta?"

"Wallahi ba ni ba ne."

Ta yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka daina wasa."

"Ban taɓa sa fensir a jikin littafi ba tun da nake. Ni gyara su nake yi. Na bar mutane su yi ne saboda suna jin daɗi, amma ni hannuna ba ya iyawa."

Auta ta yi mutuwar tsaye. Kujerar da ta ce ba za ta zauna ba, ba ta san lokacin da ta faɗa kanta ba.

Shekara ɗaya da rabi! Duk littafin da ta ɗauka, ƙyallen nan take fara nema. In ta gan shi, ranar ko abinci ba ta damu da shi ba. *Da kina nan, da kin tsani wannan mutumin.* *Da kina nan, da kin gane ƙarshen tun daga nan, kin ɓata min.* Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka Likita ne mai kunya, yake aiko mata da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Ba ta taɓa tada maganar ba, don kar ta kunyata shi.

"To waye?"

"Kin san doka."

"Doka? Ni kake faɗa wa doka? Ni da kake cewa za ka aura?"

"Ke ɗin ce, rabin raina. Ki tambaye ni komai nawa, zan ba ki. Amma wannan ba nawa ba ne, amanar wani ce."

"Ka san shi ke nan?"

"Na san shi."

"Kuma ba za ka faɗa ba, ko da zan fita daga shagon nan ban sake dawowa ba?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sannan ya girgiza kai.

Auta ta ɗauki jakarta da littafin ta fice, ko ƙofar ba ta ja ba.

A gida ta tarar da Yaya zaune a ɗakinta tana jira. Yaya ta yi aure shekara shida, amma har gobe in abu ya taso a gidan ita ce uwa. Tun rasuwar Mama haka abin yake.

Mama kuwa mayyar karatu ce. Auta tana tuna ta zaune bakin taga da littafi, tukunya na ƙonewa a kicin, Baba na ɗaga murya yana dariya. Da ta rasu, shekara tara ke nan, Baba ya tattara littattafanta kaf ya kulle a akwati, ya ce kar ya sake ganin littafin labari a gidansa. Bai yi bayani ba, ba kuma wanda ya isa ya tambaye shi. Shi tela ne, daga shago sai gida. Shi ya sa Auta take karatunta a ɓoye, kamar mai satar nama a miya.

Ta faɗa jikin Yaya ta fashe da kuka, ta kwashe komai ta faɗa mata.

Yaya ta zazzaro ido. "Tsaya, tsaya! Wato ke da fensir kike soyayya?"

"Yaya, don Allah ba wasa nake ba!"

"Ni ma ba wasa nake ba. Tambayarki nake. Wa kike so, mutumin ko rubutun?"

"Ban sani ba! Wallahi ban sani ba!"

"To bari in tuna miki. Littafin Mama guda ɗaya da kika ɓoye a ƙarƙashin katifa, wanda ruwa ya jiƙa ya manne, wa ya zauna sati uku yana raba shafukan ɗaya bayan ɗaya?"

Auta ta share hanci. "Shi ne."

"Ranar da kika yi zazzaɓi, wa ya zo ƙofar gidan nan ya tsaya a rana kamar an dasa shi, yana tsoron sallama? Fensirin ne?"

Duk da kukan, sai da Auta ta ɗan murmusa. Amma nan da nan fuskarta ta sake ɓaci.

"Yaya, akwai abin da ban faɗa miki ba. Na taɓa ba da amsa."

"Kin yi me?"

"Sau ɗaya. Wata uku da suka wuce. An rubuta, *da kina nan, da kin yi dariya har kin riƙe ciki.* Ni kuma na rubuta a ƙasa, *ina nan, kuma na yi dariyar.*"

"Innalillahi! Ga wani ƙaton da ba ki sani ba?"

"Na zaci Likita ne!"

"Mu ga rubutun munafukin."

Yaya ta fizgi littafin ta buɗe. Ƙyallen ya zame ya faɗo kan cinyarta. Ta ɗauka za ta mayar, sai ta tsaya. Ta juya shi. Ta matso da shi kusa da ido.

"Auta, ina kika samo wannan?"

"A ciki yake zuwa. Duk littafin da ke da rubutun, akwai irinsa. Na ɗauka ƙyallen bango ne na Likita."

"Wannan ragowar yadin rigar 'yata ne. Ni na saya da hannuna, na kai wa Baba ya ɗinka mata." Yaya ta miƙa mata ƙyallen. "Dubi bakinsa. Dubi yadda aka kalmashe shi sau biyu aka bi da ɗinki. Wa kika sani a duniyar nan da zai zauna ya yi wa ƙyalle kalmasa?"

Auta ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi daga ka har ƙafa.

"A'a... Yaya, a'a. Baba fa? Baban da ya kulle akwati?"

"Kin taɓa ganin rubutunsa?"

Auta ta yi tunani. Lambobi kawai ta sani: tsawon hannu, faɗin kafaɗa, wuya. A rayuwarta ba ta taɓa ganin Baba ya rubuta jimla ɗaya ba.

"*Da kina nan*..." Yaya ta maimaita, ta toshe baki da hannu. "Auta, ba da ke ake ba. Da Mama yake."

Washegari da rana Auta ta ɗauki kwanon abincin Baba ta nufi shagonsa. Wata uku ke nan abincin yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Baba ya rame, ya rage magana, an yi an yi ya je asibiti ya ƙi. Wata uku! Sai yanzu lissafin ya hau mata: daidai lokacin da ta rubuta amsar nan ne.

Shagon ba kowa, keken ɗinki a rufe da zane. Amma a bayan labulen da masu gwada kaya suke shiga, ta ji motsin takarda.

Ta ɗaga labulen a hankali.

Baba na zaune kan ɗan benci, tabarau a karan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya. Littafi ne buɗe a cinyarsa, yana bin layi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Guntun fensir na maƙale a bayan kunnensa.

Kwanon ya kusa suɓuce mata.

"Baba..."

Ya zabura, ya tura littafin ƙarƙashin wani yadi, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Ke! Ba a sallama ne? Me ya kawo ki nan ciki?"

Ta ajiye kwanon, ta durƙusa, ta zaro ƙyallen daga jakarta ta ɗora a gwiwarsa.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Ina kika samu?"

"A kantar musaya, Baba. Shekara biyu ke nan ina ɗauka. Ka yafe min, na karya dokarka."

Ya cire tabarau. "Kina... kina karanta abin da nake rubutawa?"

"Duka."

"Subhanallahi." Ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗago da sauri, kamar an tsikare shi. Ya janye yadin, ya ɗauko littafin, ya buɗe wani shafi da ya yi laushi saboda yawan taɓawa. "Wannan fa? Auta, ki faɗa min gaskiya don Allah. Wannan fa?"

Rubutunta ne. *Ina nan, kuma na yi dariyar.*

"Ni ce, Baba."

Wani irin sauti ya fito daga ƙirjinsa, ba kuka ba, ba dariya ba. Sai hawaye suka ɓalle. Auta ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba, ko ranar da Mama ta rasu a ɗaki ya ɓuya.

"Hannunta ne," ya ce. "Sak hannun uwarki! Na sake ɗauko littafin don in tuna inda na yi dariya, sai na ga an amsa min. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ni ba yaro ba ne. Amma na rasa barci, na rasa cin abinci. Na ce ko hankalina ne ya fara taɓuwa."

"Wayyo Baba! Ka yafe min, ban sani ba!"

"Ita ta koya min son karatu. Ni da awo kawai na sani. Kullum da yamma tana karantawa, ina ɗinki ina saurare. Da ta tafi, in na gan ki bakin tagar nan da littafi, sai in ga ita ce. Zuciyata ta kasa ɗauka, shi ne na kulle komai." Ya share ido da bakin rigarsa. "Amma kewa ta fi ƙarfina. Wata rana na kai wa yaron nan Likita ɗinkinsa da sassafe, na ga kantar. Tun daga ranar nake naɗe littafi a cikin yadi, in kai in ɗauko, kafin mutane su fito."

Auta ta haɗiye kuka. "To Baba, me ya sa ka ce ban da shi?"

Baba ya kawar da kai. A karon farko ta ga kunya a fuskarsa.

"Na je na same shi da littafin nan. Na ce ya faɗa min wanda ya rubuta. Ya ƙi. Na lallashe shi, ya ƙi. Na yi masa faɗa, na ce na haife shi, ya durƙusa har ƙasa yana ba ni haƙuri, amma ya ce amana ce. Na fita ina cewa ba ni ba shi. Sai jiya yayarki ta zo min da sunansa. Mutumin da ya ga tsiraicin zuciyata, kuma ya hana ni abin da na roƙa! Raina ne ya yi magana, ba hankalina ba."

"Ni ma jiya na tambaye shi waye kai," in ji Auta. "Na ce in bai faɗa ba, ba zan sake dawowa ba."

"Ya ce me?"

"Ya girgiza kai. Yana hawaye, amma ya girgiza kai."

Baba ya saki baki yana kallonta.

"Ya san ni ne ubanki?"

"Ya sani."

"Ya san da kalma ɗaya zai wanke kansa a wurinki, da kalma ɗaya kuma zai wanke kansa a wurina?"

"Ya sani, Baba."

"Ya zaɓi ya rasa ki, da ya tona ni?" Baba ya riƙe haɓa. "Kai! Wannan yaro akwai taurin kai. Irin na uwarki ne sak."

Ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya zaro fensirin daga bayan kunne, ya juya littafin zuwa shafin ƙarshe, ya yi rubutu a hankali, yana cije leɓe kamar mai yankan yadi mai tsada. Ya sa ƙyallen a wurin, ya rufe, ya miƙa mata.

"Mayar masa, ya daɗe a wurina. Kar ki buɗe a hanya. In kin dawo ki karɓi makullin akwatin nan a aljihun babbar rigata. Akwai wanda muka tsaya a tsakiya ni da ita, shekara tara ban san yadda ya ƙare ba." Ya jawo kwanon abincin ya buɗe. "Ke za ki ƙarasa min."

Likita na zaune inda ta bar shi jiya, littafin da yake ɗinkewa bai ƙaru da zare ɗaya ba. Da ya gan ta ya miƙe har yana ture kwalbar gam.

"Auta! Na ɗauka..."

"An aiko ni in dawo da littafi," ta ce, ta ɗaure fuska da ƙyar. "An ce ka duba inda ƙyalle yake."

Ya dubi ƙyallen, ya dube ta, ya gane ta san komai. Ya buɗe. Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa, suka karanta tare.

*Da kina nan, da kin ce in ba shi. To na ba shi.*

Likita ya koma kan kujera daɓas. "Da gaske? Auta, da gaske ne?"

"Rubutu ne a gabanka, kai da ka iya karatu."

"Amma ke fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ni ne mai daɗin kalaman nan ba. Ni ɗinki da gam kawai na iya. In rubutun kike so..."

"Rubutun na Mama ne, na mayar mata da kayanta." Hawaye suka zubo mata tana murmushi. "Ni wanda ya ƙi faɗa nake so."

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙa hannu cikin gwangwanin da masu karatu ke ɗaukar fensir, ya zaro ɗaya.

Auta ta dafe ƙirji. "Likita! Kai da ba ka rubutu a littafi?"

"Yau ɗaya dai."

Ya sunkuya ƙarƙashin rubutun Baba, ya daɗe yana fama, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya gama ya juyo mata da shafin.

Ta duba. Ta matso da shi kusa. Ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

"Wai me ka rubuta?"

"*Ina son ki*, mana!"

Auta ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Ta karɓe fensirin daga hannunsa ta jefa a jaka.

"Gara da ba kai ba ne, masoyina. Daga yau da baki za ka riƙa faɗa min."